Fareti ga Ɗan Talaka, Ƙwallo ga Ɗan Gata: 'Ya Mace Fa?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa wani darasi da ke cikin jadawalin kowace makaranta, amma ba kasafai ake ɗaukarsa da muhimmanci ba, wato darasin motsa jiki. Idan aka kaɗa ƙararrawa aka ce a fita fili, a yawancin makarantunmu abu ɗaya za ka gani: maza sun bi ƙwallo a guje, 'yan mata kuwa sun sami barandar aji sun zauna, malam bai ce musu uffan ba. Da yawanmu muna ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Tarihi kuwa ya nuna mutane ne suka zauna suka raba filin nan, kuma suna da dalilansu. Za mu bi sawun wannan rabo a ƙasar Ingila, domin daga can tsarin makarantar boko ya iso Nijeriya, da faretinsa da usur ɗinsa.

Darasin motsa jiki na zamani a Turai, yaƙi ne ya haife shi. A 1806 sojojin Napoleon na Faransa suka yi wa ƙasar Furushiya, wadda wani ɓangarenta yau yake cikin Jamus, mummunan kaye. Wani malamin makaranta mai suna Friedrich Jahn ya ga samarin ƙasarsa sun yi laushi, sai a 1811 ya buɗe filin atisaye a wajen birnin Berlin, ya kafa sanduna da igiyoyi, yana koya wa matasa hawa da lilo da tsalle domin ranar ramuwa. A Suwidin kuma, wadda Rasha ta ƙwace mata yankin Finland a 1809, Per Henrik Ling ya kafa cibiyar horar da malaman motsa jiki a birnin Stockholm a 1813. Tsarin Ling ya fi natsuwa: a jera ɗalibai sahu-sahu, malami ya ba da umarni, kowa ya ɗaga hannu ko ya sunkuya lokaci guda, kuma kowane motsi da gaɓar da ake so ya gyara. Ku riƙe sunan Ling, za mu sake haɗuwa da shi.

Ita Ingila hanya biyu ta ɗauka, gwargwadon nauyin aljihun uban yaro. 'Ya'yan masu hannu da shuni suna makarantun kwana masu tsada, irin su Eton da Harrow da Rugby. A can, daga tsakiyar ƙarni na 19, wasan ƙungiya ya zama rabin karatu: kurket, ƙwallon ƙafa, zari-ruga, tseren kwale-kwale. Malamansu sun yi imani cewa a fili yaro yake koyon jure wahala, da yi wa kyaftin biyayya, da iya ba da umarni idan nasa lokacin ya zo. Shugabanni ake reno. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara ne suka girma aka turo mana su a matsayin Di'o da Razdan.

Ɗan talaka kuwa nasa rabon daban. Dokar ilimi ta 1870 ta sa an buɗe makarantun firamare a unguwannin ma'aikata, azuzuwa cike maƙil, babu fili sai ɗan tsakar gida. A 1871 gwamnati ta yarda fareti irin na soja ya shiga lissafin lokacin karatu, ga yara maza kaɗai. Sau da yawa tsohon saje ake ɗaukowa, a biya shi 'yan kuɗi, ya zo ya yi ta daka wa yara tsawa: hagu, dama, a juya, a tsaya. Ba a neman kyaftin a nan. Ana neman wanda zai shiga masana'anta ko barikin soja ya yi abin da aka ce masa ba musu.

To 'ya mace fa? A nan likitoci suka shigo da wata fassara da ta daɗe tana cin kasuwa. A 1873 wani likita a Amurka, Edward Clarke, wanda ya koyar a jami'ar Harvard, ya fitar da littafi yana cewa ƙarfin jikin ɗan Adam ƙayyadadde ne, kuma budurwa tana buƙatar nata domin shirin haihuwa. Idan ta ɓarnatar da shi a kan karatu mai zurfi, mahaifarta ce za ta biya bashin. Shekara guda bayan haka wani babban likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Henry Maudsley, ya maimaita wannan magana. Da wannan ma'auni aka riƙa auna gudu da tsalle ma. Wadda ta mayar masa da martani ita ce Elizabeth Garrett Anderson, mace ta farko da ta sami shaidar likitanci a Ingila. Ta ce ku dubi matan da ke aikin ƙarfi a gidaje da masana'antu, wa ya taɓa ba su hutu don kare mahaifarsu? Ta ce abin da ke kwantar da 'yan matan gidajen masu kuɗi shi ne zaman kashe wando da rashin iska da rashin motsi. Ga kuma suturar zamanin: rigar ciki mai ƙarafa da ke matse ƙugu har numfashi ya yi wuya, da siket mai nauyi yana jan ƙasa. Mai sanye da wannan ko an ce ta yi gudu ba za ta iya ba.

Jama'a, a cikin wannan hali wata mata ta sauka a Landan daga Suwidin. Sunanta Martina Bergman, wadda bayan ta yi aure aka fi sani da Madam Österberg. Ta yi karatu a cibiyar nan ta Ling. A 1881 hukumar makarantun Landan ta ɗauke ta ta kula da motsa jiki a makarantun 'yan mata da na ƙananan yara. Cikin 'yan shekaru ta horar da malamai mata sama da 1,000, tsarin Suwidin ya shiga makarantu kusan 300. Abin mamaki, sai ya zama 'yan matan talakawan Landan suna samun darasin da aka gina kan ilimin jiki, alhali 'yan'uwansu maza suna can suna hagu-dama a gaban saje.

Ba ta tsaya nan ba. A 1885 ta buɗe kwalejinta ta kanta a unguwar Hampstead, kwalejin kwana ta farko a Ingila da aka keɓe don horar da malaman motsa jiki, kuma mata zalla take ɗauka. A 1895 ta mayar da ita Dartford, inda ta sami gida mai faffadan fili. Karatun shekara biyu ne, kuma ba wasa kawai ba ne: ana koyon ƙirar jikin mutum, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da tsafta, da tausa, da gyaran ƙashin bayan yaron da ya fara karkacewa.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne dabararta. Iyayen zamanin suna da tsoro iri huɗu, kuma ba ta yi musu dariya ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta warware. Wa zai koya wa 'yarmu? Ta ce mace 'yar'uwarta, mai takardar shaida. A ina? A keɓaɓɓen wuri, inda babu 'yan kallo. Da wace sutura? Wata ɗalibarta, Mary Tait, ta ƙirƙiro wata riga mai faɗi marar hannu, mai ninki daga ƙirji zuwa gwiwa, ana sa ta a kan riga mai dogon hannu da doguwar safa. Rigar ta saki jiki ba tare da ta bayyana shi ba, kuma daga baya ta zama rigar makarantar 'yan mata a Ingila da ƙasashe da dama da ta mallaka. Idan kun taɓa ganin yunifom na 'yan firamare mai wannan siffa, to ga asalinsa. Na huɗu, wane irin wasa? An ƙirƙiro ƙwallon kwando a Amurka a 1891, ba a daɗe ba ya iso kwalejinta. Ɗalibanta suka sake masa fasali: babu gudu da ƙwallo a hannu, babu ture-ture, kowace 'yar wasa da yankin da ba za ta ƙetare ba. Da kwandon zuba takardu suka fara. Wannan shi ne wasan netbol, kuma tsofaffin ɗalibanta ne suka buga dokokinsa a 1901, a ƙarƙashin ƙungiyar da suka kafa suka sa mata sunan Ling.

Cikin shekara 20 aka buɗe wasu kwalejoji irin tata a Chelsea da Bedford da Liverpool da sauransu, duk mata ke jagoranta. Maza kuwa ba su sami shahararriyar kwalejinsu ta Carnegie a birnin Leeds ba sai 1933. Kusan rabin ƙarni, galibin malaman motsa jiki masu cikakken horo a Ingila mata ne.

Za mu ɗan shaƙata, idan mun dawo mu ji iyakar da aka gindaya wa wannan nasara, da yadda abin ya iso ƙasar Hausa. Kada ku taɓa akalar rediyonku.

(Gajeren kiɗa)

To madalla, barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne kan tarihin darasin motsa jiki, da yadda al'ada ta raba shi tsakanin maza da mata.

Yaƙi ne ya sake tayar da maganar. Tsakanin 1899 da 1902 Ingila ta gwabza da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, aka nemi samari su shiga soja. Rahotannin lokacin sun ce a birnin Manchester, cikin mutum 11,000 da suka kawo kansu, an mayar da 8,000 gida saboda rashin ƙoshin lafiya. Hankalin gwamnati ya tashi. Matakin farko da ta ɗauka a 1902 shi ne ƙara fareti, da manhajar da ma'aikatar yaƙi ta sa hannu a ciki. Malamai suka yi ca, suka ce yaro ba kurtu ba ne. Aka janye ta. A 1906 aka yi dokar ciyar da yara mabukata a makaranta, a 1907 aka wajabta likita ya riƙa duba ɗalibai, a 1909 kuma manhajar gwamnati ta rungumi tsarin Suwidin ga maza da mata. Abin da mata suka yi shekara kusan 30 suna yi, shi ƙasa ta dawo ta kama.

Amma ku ji hujjar da aka bayar game da 'yan mata: a gina jikinsu domin su haifi lafiyayyun 'ya'ya ga daular Ingila. Ita kanta Madam Österberg tana yawan kafa wannan hujja, ko da yake tana goyon bayan mata su sami sana'a da 'yancin zaɓe. Wato an buɗe wa mace fili, amma an ja mata layi. Duk wadda ta ƙetare layin, sai a rufe ƙofa. A ƙarshen 1920 mutum 53,000 suka cika filin Goodison Park a Liverpool don kallon wasan ƙwallon ƙafa na mata. Shekara guda bayan haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta haramta wa mata filayen ƙungiyoyinta, ta ce wasan bai dace da su ba. Haramcin ya kai shekara 50. A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam an bar mata sun yi tseren mita 800, jaridu suka kururuta cewa sun zube don gajiya, aka soke tseren har 1960. Yau mata suna gudun fanfalaki na kilomita 42, kuma da yawa daga cikin zakarun iyaye ne masu 'ya'ya. Maganar Clarke ta mutu a wurin likitoci, amma har yanzu tana yawo a bakin mutane.

Yanzu mu dawo gida. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa daga baya. Samfurin makarantun 'yan gata na Ingila aka ɗauko: kwana a makaranta, gida-gida, kyaftin-kyaftin, da wasanni irin su kurket da hoki da ƙwallon ƙafa da fayif, wato wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi suna a wasan fayif tun yana ɗalibi a Katsina, kuma har yau ana buga shi a wasu garuruwan Arewa. A ƙananan makarantu kuwa fareti ne, da tseren Ranar Daula kowace 24 ga Mayu. Rabon nan na Ingila ya ƙetaro teku bai canza ba.

Makarantun 'yan mata na gwamnati ba su fara ba sai wajajen 1930, a Kano da Katsina, kuma abin da aka fi ba ƙarfi a cikinsu shi ne tsafta da ɗinki da renon yara. Ba a gina mana rundunar malamai mata masu horon motsa jiki irin ta Dartford ba. Mun gaji rabon filin, ba mu gaji maganin da aka yi wa rabon ba.

Kuma kada wani ya ce 'yar Bahaushe ba ta san motsa jiki ba sai da Bature ya zo. Duk wanda ya ga gaɗa a dandali ya san akwai tsalle da juyi da faɗawa baya ƙawaye su cafe su cilla, har gumi ya karyo. Maza suna da langa da kokawa da dambe. Makarantar boko ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikinsu a matsayin darasi ba. Sai daga baya langa da kokawa da dambe suka sami gurbi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Gaɗa kuwa ta tsaya a dandali, shi kuma dandalin ya yi ta mutuwa a birane. Yarinyar yau ta rasa na gida, na makaranta kuma ba a ba ta ba.

Wani zai ce, to ai sai a haɗa su duka a fili ɗaya, magana ta ƙare. Tarihi ya ce a bi a hankali. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya. Kafin dokar, 'yan matan sakandare masu shiga gasar wasanni ba su kai 300,000 ba. Yau sun haura miliyan 3. Wannan babbar riba ce, kuma ta nuna cewa ba sha'awa 'yan mata suka rasa ba, dama suka rasa. Sai dai da kuɗi da daraja suka shiga wasannin mata, maza suka karɓe kujerun. A 1972 sama da kashi 90 cikin 100 na masu horar da ƙungiyoyin mata a jami'o'in Amurka mata ne, daga baya adadin ya faɗi ƙasa da rabi. A Ingila ma, a shekarun 1970 da 1980, an narkar da tsofaffin kwalejojin mata cikin manyan makarantu, shugabancin ya fi komawa hannun maza. Idan aka tara maza da mata a fili ɗaya da ƙwallo ɗaya, ba tare da tsari ba, mun san ƙafar da ƙwallon za ta ƙare a kanta.

Ingila ta sake cin karo da tambayoyin zamanin Madam Österberg ta wata ƙofa. A birnin Birmingham, wajajen 2008, iyaye Musulmi sun riƙa janye 'ya'yansu mata daga darasin motsa jiki. Hukumar birnin ta sa masana suka zauna da iyaye da malamai da 'yan matan kansu. Suka gano ba motsa jikin ake ƙi ba. Damuwar ita ce gajeren wando, da wurin sauya kaya marar sirri, da ninkaya tare da maza, da wahalar atisaye cikin azumi. Makarantun da suka bar yarinya ta sa dogon wando da ɗankwali, suka kuma saurari iyaye, ba su fuskanci matsalar sosai ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ma ta halatta wasa da hijabi a 2014, ta ƙwallon kwando ta biyo baya a 2017.

Mu kuwa muna da madogara da ta girme wa duk waɗannan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa. Bayan wani lokaci, da jikinta ya yi nauyi, suka sake yi ya tsere mata. A wata ruwayar an ce sai da ya umarci sahabbai su yi gaba tukuna. Ga gudu, ga kuma kiyaye mutunci, a waje ɗaya.

Maganar ba ta neman lambar zinare ba ce, ta lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Binciken da hukumar ta fitar a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata ba sa samun haka, maza kuma kashi 78. A shekarun ƙuruciya ake gina ƙarfin ƙashi, kuma wadda ta saba da motsi tun tana ƙarama ta fi samun kariya daga hawan jini da ciwon suga idan girma ya zo. Na san uwa za ta ce, ai 'yata tana daka tana ɗebo ruwa, wane motsa jiki ya wuce wannan? Gaskiya ne, Inna, aiki ne kuma yana da amfaninsa. Sai dai 'yar birni da yawa yau inji ke mata niƙa, mai kura ke kawo ruwa, daga benci na boko sai tabarmar Islamiyya. Kuma ko mai dakan tana da haƙƙin wasa da tsararrakinta. Batun cewa gudu da tsalle suna hana haihuwa kuwa, ba shi da tushe a ilimin likitanci.

Saboda haka ga abin da za a iya farawa da shi a zangon karatun nan, ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Malam hedimasta, a raba lokacin fili, 'yan mata su sami nasu ranakun, kuma ƙwallo ɗaya cikin biyu ta zama tasu. A ɗora malama a kan darasin, ko da horon 'yan kwanaki za a nema mata. A amince da dogon wando da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi. A gyara makewayi mai ƙofa da ruwa, domin rashinsa kaɗai yana zaunar da yarinya idan tana al'ada. A shigo da gaɗa da tsallen igiya cikin darasi, a bar maza su yi langa. Ku kuma iyaye, ranar taron iyaye da malamai, bayan kun tambayi sakamakon lissafi da Turanci, ku tambaya me 'yan mata ke yi a lokacin motsa jiki, wa ke koya musu, kuma a ina. Kwalejojin ilimi namu suna da sashen koyar da motsa jiki da lafiya. Idan 'yarku ta ce shi take so ta karanta, ku sa mata albarka, domin ƙannenta ita suke jira.

A nan za mu dasa aya. Ku aiko mana da ra'ayoyinku da yadda abin yake a makarantun garinku, za mu karanta su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)